A buɗe wa kowa ƙofa a ƙungiyar masu kai bincike kasuwa

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili in yi magana kan ƙungiyarmu ta masu kai sakamakon binciken jami'o'i ga masana'antu. Mu ne tsakanin malamin da ya ƙirƙiro abu da ɗan kasuwar da zai zuba jari, mu ke bin takardun rajistar haƙƙin mallaka, galibi ta hannun NOTAP, hukumar gwamnatin tarayya mai kula da samowa da bunƙasa fasaha, da aka kafa tun 1979.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kullum fuskoki ɗaya ne a babban teburi, mu mata kuwa sai rajistar baƙi da rabon abinci. Taro daga Legas sai Abuja, ga kuɗin mota ga na masauki. Ƙaramin ma'aikaci daga Bauchi ina zai samo? Muna da abokin aiki mai keken guragu, gwani wajen rubuta yarjejeniyar lasisi, amma bara sai da ƙarti suka cicciɓe shi zuwa saman bene, jama'a na kallo. Bana ya ce ba ya zuwa, kuma ban ga laifinsa ba.

Sai masu fasaha marasa digiri. Mai walda a kusa da kasuwar Muda Lawal da ke Bauchi ya haɗa injin matse man gyaɗa, mata na layi a kai, amma fom ɗin rajistar haƙƙin mallaka Turanci ne tsantsa, ba wanda ya neme shi.

A riƙa zagayawa da taro shiyya-shiyya, a ware wa mata kujeru a shugabanci, a kuma fassara fom ɗin nan da Hausa da Fulatanci.

Wassalam,
Wata ma'aikaciyar jami'a, Bauchi