Abba, ga amsata kan maganar filin Rigasa

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan bautar ƙasarka. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Ummanka da ke tashi idan sanyi ya shigo.

Maganar da ka kawo mini a waya daren Juma'a ce ta sa na ɗauki biro. Da na yi shiru ka ɗauka layi ne ya katse. Bai katse ba, gudu na yi kar in amsa da zafi in zo ina cizon yatsa. Yanzu na kwana a kanta, na yi shawara da Baffanka, ga amsa: ba zan sayar da filin Rigasa don a saya maka gurbin aiki ba. Ko da mutumin nan naka da ya ce zai samo maka aikin a kan naira miliyan biyu mai gaskiya ne, cin hanci sunansa cin hanci, ba na so albashinka na farko ya fito ta wannan ƙofa. Balle ma ba ka san shi ba sai ta bakin aboki. A 2023 sai da Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti kan cinikin guraben aiki a ma'aikatun tarayya, don abin ya yi yawa. A unguwarmu kaɗai na san gida biyu da suka biya, aka miƙa musu takarda mai tambari, da yaran suka je Abuja kama aiki aka ce ba a san da su ba.

A bar ma batun damfara, mu yi lissafi, tunda kai ka karanta Fiziks. Mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 naira 70,000 ne. Alawus ɗin da kake karɓa yanzu, 77,000, har ya ɗara shi, kuma kai da bakinka ka ce ba ya kai ka ƙarshen wata. Sabon ma'aikaci mai digiri zai ɗauki fiye da haka, amma cire kuɗin mota da haya da abinci a garin da za a tura ka, ka faɗa mini shekara nawa za ka yi kafin ka mayar da miliyan biyu. Filin kuwa yana nan yana ƙara daraja ko ba a taɓa shi ba.

Na san abin da ke jan ka, don ni ma ya ja ni. Albashi yana da daɗi, wata ya mutu ka ji shi a aljihu. A 1984 na shiga masaƙa a Kakuri. Ba ka ga Kakurin wancan zamani ba. Idan jiniyar canjin aiki ta yi kuka, titi cika yake da kekuna har mai mota ya haƙura ya tsaya. Tun 1957 aka fara saƙa a Kaduna, auduga na zuwa daga Funtuwa da Gusau da Malumfashi, mu kuma muna ganin abin da ya kusa shekara talatin yana tafiya ba zai tsaya a kanmu ba. Sai tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnati, SAP, ya zo a 1986, naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka yi tsada. Wuta ta ƙi tsayawa, baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi ya yi wuya, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa a rabin farashinmu. Wata safiya muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Haƙƙoƙinmu na sallama, har yau wasu sun mutu ba su gani ba.

Ranar ce na gane gwaninta iri biyu ce. Akwai mutumin da ya yi shekara ashirin a kan injin saƙa guda, ya san shi kamar yunwar cikinsa, da jin ƙara zai gaya maka zaren da ya tsinke. Da aka rufe ƙofa, gwanintarsa tana ciki tare da injin. Ƙarshenta acaɓa ya koma, da furfurarsa. Mu 'yan sashen lantarki da masu walda da masu juya ƙarfe, tamu ta biyo mu gida. Ni wani dattijo ne a sashenmu ya koya mini sake naɗa wayar injin da ya ƙone, a lokacin ina ganin wahalar da ni kawai yake yi. Da ita na kama rumfa a kasuwar Panteka, da ita aka biya kuɗin makarantarku ku biyar.

Ba mu kaɗai abin ya taɓa ba. Mai tuwo a bakin ƙofa, mai gidan haya, mai facin keke, manomin auduga a ƙauyen da bai taɓa ganin masaƙar ba, duk tare muka durƙushe. Shi ya sa idan na ji ana cewa a koya wa matasa sana'a kawai arziki zai zo, nakan girgiza kai. Mai sana'a yana buƙatar wuta da mai saye. Amma wannan aikin masu mulki ne, ni da kai ba za mu zauna jiran gawon shanu ba.

Kar kuma ka ɗauka na shiga sahun yaran da ke cewa boko yaudara ce. Na ji ƙaninka ya faɗa, na kuma ja masa kunne. Ni na san abin da rashin zurfin karatu ya ja mini. Hannuna ya iya aiki, amma in aka kawo injin da ban saba gani ba, sai in ƙirga zagayen tsohuwar waya in kwaikwaya, ban san dalili ba. Sau biyu babban aiki yana kuɓuce mini saboda an ce in rubuta ƙiyasin kuɗi da bayanin aiki da Turanci, na kasa. Wanda ya samu aikin ni ya kawo wa na yi, ya ba ni kashi ɗaya cikin huɗu, na kuma gode masa. Shekarun da ka yi a jami'a, har da wata takwas ɗin yajin aikin 2022 da ka zauna kana ƙirga kwanaki, ba asara ba ne. Abin da ya rage shi ne karatun ya sauko daga kanka zuwa yatsunka.

Dubi harkar sola. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, janareta ya zama abin kallo a gidaje da yawa. Mai shagon sanyi, mai kemis, masallaci, mai rijiyar burtsatse, manomin rani da ke son famfo, kowa sola yake nema. Masu haɗawa sun yi yawa, waɗanda suka iya kaɗan ne. Gidan da ke jan wat 500 na awa goma da dare yana buƙatar wat-awa 5,000 ke nan. Batir mai ruwa na bolt 12, amfiya-awa 200, yana ɗaukar wat-awa 2,400, kuma in ana so ya yi ƙarko rabinsa kawai ake sha. Batir huɗu ma 4,800 za su ba ka, ba su cika ba. Sai yaro ya zo ya sa biyu don farashinsa ya yi sauƙi, bayan wata shida batir ya mutu, mai gida ya ce sola ƙarya ce. Wannan lissafin a tsaye za ka yi shi. Abin da ba ka iya ba shi ne hawa rufin kwano da rana tsaka, da ɗaure waya yadda ba za ta yi zafi ba, da yi wa mai gida bayani har ya yarda ya sayi adadin da zai isa. Wannan sai a gaban ubangida.

Nan ne kuma nake jin tsoronka, Abba, don na san zuciyarka. Za ka ga mai digiri ba zai riƙe wa ɗan sakandare tsani ba. Je ka manyan gine-ginen Abuja ka tambayi su wa ke shimfiɗa tayil da yin silin, za ka tarar da yaran Togo da Benin, ana biyansu da kyau, namu suna yawo da ambulan. Inyamuran da muke kasuwa da su, yaro yakan yi shekaru yana hidima a shagon ubangidansa kafin a sallame shi da jari, ba ya ganin ƙasƙanci. Mu ma da haka muka gada a marina da maƙera da dukanci, sai muka bari kwali ya sa mana girman kai. Gwamnati ta so gyara wannan da tsarin karatu na 6-3-3-4 a shekarun 1980, aka shigo da injinan koyon sana'a, a makarantu da yawa suka yi tsatsa cikin akwatunansu don ba wuta ba malami. Ku ne kuka gaji wannan giɓin, ban ɗora maka laifinsa ba.

Saura wata biyar ka gama. Makarantar da kake koyarwa ana tashi ƙarfe biyu, yammacinka duk naka ne. Ka nemi mai haɗa sola na kirki a can Ibadan, in ka rasa ka tambaya a Sabo, unguwar Hausawa, ka ce za ka bi shi ba sai ya biya ka ba. Ka sayi littafi ka riƙa rubuta kowane aiki: me aka saka, nawa aka kashe, me ya lalace daga baya. In ka dawo, hukumar ilimin fasaha ta NBTE da ke nan Kaduna tana da tsarin gwada masu sana'ar hannu a ba su shaida, sai ka haɗa da kwalinka. Neman aikin gwamnati kuwa ban hana ka ba. Duk inda aka buɗe ka cike, ka je jarrabawa, in Allah Ya ba ka ta hanyar halas mu yi murna.

Kuɗin kayan aiki ni zan ba ka, ba sai an taɓa fili ba. Na ware wani abu daga adashen Panteka, zai sayi mita da injin huda bango da tsani. Tsohuwar jakata ta kayan aiki ma tana nan, na sa ƙaninka ya goge ta.

Ummanka tana gaishe ka, ta ce ka daina kwana ba ka ci abinci ba don tara kuɗi. Ka kira ni ranar Lahadi bayan la'asar ka gaya mini wanda ka samu, da kuma abin da ka ce wa mutumin nan.

Allah Ya yi maka albarka.

Wassalam,
Mahaifinka