A tuna da yarjejeniyar ruwa ta Maiduguri

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Mu mutanen Damagaram ba sai an gaya mana darajar ruwa ba. Tun kafin kiran assalatu yaranmu ke jera bidoji a bakin famfo, wani lokaci har rana ta take ba ɗigo.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tattasai. Ƙanena yana saro shi daga Diffa yana kawowa kasuwar Dole, kuma kullum zancensa Kumadugu. Wannan kogi shi ke shayar da gonakin, amma ruwansa daga Najeriya yake fitowa, ta kogin Haɗejiya da na Jama'are. Madatsar Tiga da ta Challawa da ke can jihar Kano su ke riƙe wani kaso nasa. In an tare, fadama ta bushe. In an sako ba sanarwa, ambaliya ta cinye shuka. Manomin Diffa bai san ranar ba, sai dai ya wayi gari ya gani.

Alhali a 1990 Nijar da Najeriya sun sa hannu a Maiduguri kan raba ruwan da suka haɗa, har da Gulbin Maraɗi da wannan Kumadugu. Hukumar Tafkin Cadi ma tana nan tun 1964.

Ina roƙon magabatanmu, ko da saɓanin siyasa, a zauna da maƙwabta a tsayar da lokacin sakin ruwa, a riƙa shelanta shi da Hausa da Barbarci a gidajen rediyo.

Naka,
Mai karatu daga unguwar Birni, Damagaram