Godiya ga ma'aikatan gandun Owabi

Assalamu alaikum.

Ni malamin Islamiyya ne a Aboabo, nan Kumasi. Na rubuto ne in gode wa ma'aikatan Hukumar Kula da Namun Daji da ke tsaron gandun Owabi, bisa karamcin da suka yi mini da ɗalibaina a watan Afrilu, bayan saukar ruwan farko.

Sammako muka yi, muka bi ta Abuakwa, muka isa hantsi bai ɗaga ba. Jami'in da aka haɗa mu da shi bai nuna gajiya da surutun yaran Zango ba. Ya fara kai mu bakin madatsar ruwan da aka gina a 1928 don shayar da Kumasi, ya ce tun 1988 aka sa Owabi cikin wuraren dausayi da duniya ke karewa a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. A nan muka ga zalɓe tsaye cak yana dakon kifi, ga balbela, ga shirwa tana shawagi.

Amma mujiya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kowa ya san matsayinta a wurinmu. In ta yi kuka a kan rufin gida sai tsofaffi su hau salati, wanda jama'a suka tsana ma cewa ake ya zama mujiya. Da jami'in ya tsayar da mu ya nuna wata ta lafe a reshe tana gyangyaɗi, wallahi har wani yaro ya sunkuya neman dutse. Bai daka masa tsawa ba. Miƙa masa madubin hangen nesansa ya yi, ya ce, "Duba idonta tukuna." Sannan ya yi mana bayani cikin raɗa: idanunta ba sa juyawa kamar namu, shi ya sa take murɗa wuya kusan ta kalli bayanta, gashin fukafukanta taushi gare shi, har ta sauka kan ɓera bai ji motsinta ba. Ya tsinto wani ɗan dunƙule a gindin bishiyar ya marmasa da tsinke, sai ga gashi da ƙasusuwan ɓera da ta amayar. Ashe mai gadin rumbu muke jifa!

Na sha faɗa wa yaran nan cewa camfi ba addini ba ne, amma ban taɓa ganin maganar ta shige su kamar ranar ba. Yaron da ya nemi dutse shi ne ya ƙi sakin madubin.

Abu ɗaya ya dame ni: ledoji da robobin da muka gani a gefen ruwan, waɗanda magudanan cikin gari ke kwasowa. Namu ne, mu mazauna Kumasi, kuma na yi wa jami'in alkawarin zan ta da maganar a masallacin unguwarmu.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku lafiya. Ajin 'yan mata sun ce saura su, muna nan tafe in sha Allahu.

Naku,
Malamin Islamiyya, Aboabo, Kumasi