Zuwa ga Yaya Sani, daga Antaliya, ƙasar Turkiyya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da Inna da duk mutanen gida. Ya damina? Ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma nan lafiya lau, alhamdu lillahi.

Na zaɓi in rubuto ne maimakon in kira, don a waya kowa magana yake yi lokaci guda, ba mai jin ta wani. Ka zauna ka karanta wa Inna a natse, inda na ce ka tsallake ka tsallake.

Labari ya iso ni cewa an kai wa Inna hotona a cikin kwale-kwalen roba, an ce mata wai na faɗa teku zan tsallaka Girka, har ta ƙi cin abinci. Wallahi ba haka ba ne. Wanda ya kai wannan magana na san shi, kai ma ka san shi, na bar shi da Allah. Yanzu mai shirin shiga Turai a ɓoye shi ne zai sa hular kwano, ya ɗaga filafili sama yana dariya a ɗauke shi hoto da rana tsaka? Kogi ne, ba teku ba, kuma wurin neman abincina ne tun da aka yi hutun makaranta.

Sunan wurin Koprulu. Kwazazzabo ne a cikin duwatsun Toros, a gundumar Manabgat, kamar kilomita 90 daga birnin Antaliya. Kogin ne ya ci dutsen har ya raba shi biyu, tsawon kilomita 14, wasu wuraren zurfinsu ya kai mita 400. Tun 1973 gwamnatin Turkiyya ta keɓe wurin, ba a sare itace, ba a farauta. Can sama akwai wata siririyar gadar dutse da Rumawa suka gina kusan shekara 1,800 da suka wuce, har yau ana bi ta kanta. Daga ƙarƙashinta muke sa kwale-kwalen a ruwa, mu gangaro har ƙauyen Beshkonak. Ruwan kore shar, kana ganin tsakuwar da ke ƙasa, amma sanyinsa ya fi na ruwan randa da asubar hunturu, don daga cikin dutse yake ɓuɓɓugowa. Ko a watan Agusta, da rana take gasa mutum, in ka sa ƙafa sai ka janye.

Mutanen da muke ɗauka 'yan yawon buɗe ido ne, Rashawa da Jamusawa da Larabawa. Kuɗi suke biya a jiƙa su, ka ji ikon Allah. Kowa sai an ɗaura masa rigar ceto da hular kwano kafin ya taka kwale-kwalen. Suna zaune gefe da gefe da filafilinsu, matuƙi yana baya. In an zo inda ruwa ya karye a kan duwatsu yana kumfa, matuƙin ne zai duba ta ina hanya take, ya yi tsawa a tuƙa gaba, ko a ja baya, ko a tsaya. Aikin duka a ido yake: ka sa hancin kwale-kwalen ya fuskanci igiyar ruwa, kada ka bari ta same ka a gefe, don ta nan ake kifewa. Kuma wannan kogin ba ya cikin masu haɗari, har yara ake kawowa. Ka faɗa wa Inna wannan sau biyu.

Da na fara, aikina busa iska da famfo ne, da ɗora kwale-kwale a kan tirela, da wanke riguna da yamma. Yanzu in Larabawa suka zo ni ake nema, saboda ba wanda yake jin Larabci a cikin yaran sai ni. Ka gaya wa Malam Habu bulalarsa ba ta faɗi ƙasa banza ba. Har an fara ba ni baya ina tuƙawa da kaina a inda ruwa ya lafa. Ni da ko a kududdufin bayan gari ban taɓa iyo ba, yau ga ni Turkawa suna koya mini karatun ruwa, wani dattijo a cikinsu ma yana cewa hannuna ya faɗa. Ina Baba yake ya ga wannan. Allah ya jiƙansa.

Nan ka tsallake. Na taɓa faɗawa ruwan, wani ƙato ne ya miƙe tsaye zai ɗauki hoto, muka karkace. Rigar ta ɗago ni, aka jawo ni, ba abin da ya same ni sai kafaɗa da ta ɗan yi tsami, ita ma ta warware. Hannu ya yi kanta, wannan ba komai ba ne. Ɗakin da muke kwana mu da yawa ne, amma barci kawai ke kai ni. Abinci kifi da shinkafa da burodi, shayi kuwa ba iyaka. Tuwo ne babu. Akwai masallaci a ƙauyen, ba na rasa Juma'a sai in aiki ya rutsa.

To, maganar kuɗi. Na turo Naira 320,000 ta asusunka, in ka ga shigarsu ka sanar da ni. A fara da maganin hawan jinin Inna, na wata uku, a sayo gaba ɗaya, kada a riƙa saye ƙwaya-ƙwaya. Sai taki, ko da buhu biyu ne, a zuba wa gonar fadama tun ruwa bai ɗauke ba. A biya kuɗin makarantar Zainabu. Abin da ya rage ka rage wa Alhaji bashinsa, ka ba shi haƙuri, ka ce ban manta ba. Na san bai kai abin da kuke zato ba. Aikin nan na lokacin zafi ne kawai, da Oktoba ta yi baƙi za su ɗauke ƙafa, ni kuma ga kuɗin makaranta da na sabunta takardar zama suna jirana. Kuɗin ƙasar nan ma kullum faɗuwa yake yi. Masu cewa ina holewa da Turawa su zo su ɗauki kwale-kwale ɗaya a ka su hau tudu da shi.

Kada ka ba Nafi'u ko sisi a hannu. Na ji yana ta nuna hoton nan a majalisa, yana cewa in Yaya Bashir ya shiga jirgin roba shi ma zai shiga, har yana tambayar kuɗin mota zuwa Agadas. Ka zaunar da shi ka faɗa masa: nawa yana da rigar ceto, da matuƙi, da gaɓa hagu da dama, da mota tana jira a ƙasa. Wanda ake cusa mutane a Libiya ba shi da ko ɗaya. In sana'a yake so, ya koma wurin gyaran babur ɗin da ya bari, ni zan saya masa kayan aiki in Allah ya kai mu baɗi, amma ta hannunka. Ka sa ido a kan babur ɗinka ma, kada ka wayi gari ya sayar.

Bikin Hadiza yana raina. Ƙanwata guda a kai ta ɗaki ba na nan, abin yana ci mini rai, amma kuɗin jirgi kaɗai ya isa ya yi mata gado da katifa. Ka tambayi Anti Rabi abin da ya rage a kayan ɗakin, ka rubuto mini da farashinsa.

Inna ta yafe mini tashin hankalin da aka jawo mata, ta ci gaba da sa mini albarka. In ta samu mai zuwa Istanbul, a aiko mini da kuka da daddawa da ɗan yaji. Ka gaida Anti da yara, da Kawu, da Malam Habu. Maganin Inna shi ne farko, kuma Nafi'u kada kuɗi ya bi ta hannunsa.

Ka huta lafiya.

Ƙaninka,
Bashir