Tsakanin tabar da aka saba da ita da wadda ba a taɓa ɗanɗanawa ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakaninmu masu sha'awar tabar sigar, wato mai kaurin nan da ake naɗawa da hannu da zallan ganye, ba sigarin kwali ba. Tun da wuri in faɗa, ban zo tallar taba ba. Likitoci sun tabbatar tana jawo sankarar baki da ta maƙogwaro ko da mutum ba ya haɗiye hayaƙin, kuma babban kara guda kan ɗauki ganyen da ya kai na kwalin sigari cur. Wanda bai fara ba, kada ya fara. Maganata da waɗanda suka riga suka yi nisa ne.

Ina da aboki wanda in ba Montecristo mai lamba 2 ba, ba ya kunna komai. Ka miƙa masa wata, sai ya shinshina ya mayar maka, ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Akwai kuma wani abokin namu da ba ya maimaita kara. Duk wadda ta fito sai ya nemo ta, musamman irin waɗanda kamfanin Habanos na Kyuba ke fitarwa 'yan kaɗan tun shekarar 2000. Shi a wajensa sabo turken wawa ne.

Na fi karkata ga na farko, amma ba don hujjarsa ba. Amfanin tabar da ka saba da ita shi ne ita ce ma'auninka. Harshen da bai zauna kan ɗanɗano guda ya san shi ciki da bai ba, ba zai iya cewa wannan ta fi yaji, waccan ta fi garɗi ba. Ta fi wace? Abokina mai yawon ɗanɗano, in ka tambaye shi yadda ya ji wadda ya sha watan jiya, abin da zai iya kawo maka bai wuce sunanta da launin zoben takardar da ke jikinta ba.

Sai dai shi ma mai tsohuwar zumar akwai abin da ya kau da kai a kansa: suna yake riƙe da shi, ganyen kuwa ya daɗe da sauyawa. A Kyuba aka kafa masana'antar sigar Montecristo a 1935, ta Partagás kuwa tun 1845. Bayan juyin juya halin 1959 gwamnatin Kyuba ta ƙwace masana'antun, masu su suka yi hijira da sunayensu, sannan a 1962 Shugaba Kennedy ya hana shigar da kayan Kyuba Amurka. Shi ya sa yau Montecristo biyu ce, Partagás ma biyu: ta Kyuba daban, ta Jamhuriyar Dominika daban, sunan ne kawai ya haɗa su. A cikin Kyuban ma, cutar fumfuna ta lalata gonaki wajen 1980, daga baya aka bar tsohon irin Corojo aka koma shuka sababbin iri masu jure cuta, irin su Criollo 98 da Corojo 99. Ga bambancin damina, ga na hannun mai naɗi. Wanda ya san harkar, kafin ya biya kuɗin akwati sai ya kifa shi ya duba tambarin wata da shekara da ke ƙasa. To, mutumin da ke rantsuwa cewa tabarsa ba ta canzawa, tana canzawa a hannunsa bai ankara ba.

Nan ne na ga gwada sabuwa ya zama dole, ko don kada ranar da taka ta ɓace ko ta lalace ka rasa tudun dafawa. Amma a yi gwajin da lissafi. Kara ɗaya ganye uku ne: na ciki, na ɗauri, da na waje wanda ido ke gani. Ni ganye nake bi, ba suna ba. Idan abin da nake so a tawa laushi ne, sai in nufi masu ganyen waje na jihar Connecticut ta Amurka, wanda ake shukawa ƙarƙashin rumfar yadi don kada rana ta ƙona shi, ko ɗan uwansa na Ekwado, inda gajimare ke yin aikin rumfar. Idan ƙarfi nake nema, sai Estelí ta Nikaragwa, inda gidan Padrón ke naɗa tasu, ko baƙin ganyen San Andrés na Meziko. Ganyen Kamaru kuwa, siriri ne mai saurin yagewa, masu naɗi na shan wahalarsa, amma yana da wani ɗan zaƙi da ban samu a wani ba. Gidan Arturo Fuente sun daɗe suna amfani da shi.

Girma ma a kula da shi. Ana auna kaurin kara da inci da aka raba gida 64, wato kauri 50 na nufin gida 50 cikin 64 ɗin. Girman da ake kira Robusto tsawonsa inci 5 ne, kauri 50. Wanda ake kira Churchill kuwa inci 7, kauri 47. Haɗin ganye ɗaya, in aka naɗa shi siriri ɗanɗanon ganyen waje ne ke rinjaye, in aka yi shi jibgege na ciki ne ke danne shi. Don haka in zan gwada sabuwa, nakan nemi mai girman wadda na saba, don in san abin da ya bambanta daga ganyen ne.

Ba na sayen akwati mai kara 25 na abin da ban sani ba, komai yabon da aka yi masa a mujallu. 'Yan ƙalilan nake ɗauka. Kuma ba na kunnawa ranar da suka iso. Tabar da ba ta daɗe da naɗi ba takan yi wani wari mai hawa kai, tafiya kuma takan busar da ita ko ta jiƙa ta. Sai ta yi makonni a akwatin ajiya, danshi tsakanin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, zafi kada ya wuce digiri 21, domin in ya haura ƙwayayen ƙwaron taba na iya ƙyanƙyashewa su huda maka ajiyar shekaru. Saboda wannan ƙwaron ne ma nake ware baƙi gefe guda kafin su haɗu da 'yan gida. Sannan kara ɗaya bai isa yanke hukunci ba. Aikin hannu ne. Wani yakan zo a matse har ya ƙi zuƙuwa, na kusa da shi a akwati ɗaya kuwa lafiya lau.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda sha'awar gwaji ke ƙara wa mutum yawan sha ba tare da ya lura ba. Yana shan tasa kamar kullum, ga kuma sababbi a kai, sai ka ga wanda ke kunna ɗaya a mako ya koma uku yana kiran abin bincike. Ƙa'idata ita ce sabuwa ta shigo a gurbin tsohuwa, ba ƙari ba. Cikin kowane huɗu, uku waɗanda na saba da su ne, ɗaya baƙuwa. In baƙuwar ta ci jarrabawa har zan sayi akwatinta, to ɗaya daga cikin tsofaffin za ta sauka daga layi.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karatu