Rikicin Mashigin Suez Ya Iso Har Kantin Kwari

Ya Mai Girma Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan jiragen dakon kaya da ke ƙaurace wa Mashigin Suez, kuma na ga an ɗauke shi tamkar matsalar Masar da Turai kaɗai. Ina ganin abin ya shafe mu kai tsaye.

Tun da aka buɗe mashigin a 1869, shi ne gajeriyar hanya tsakanin Asiya da Turai. An rufe shi daga 1967 zuwa 1975 saboda yaƙi, kuma a Maris 2021 jirgi ɗaya, Ever Given, ya toshe shi kwana 6. Da 'yan Huthi na Yaman suka fara kai wa jiragen ruwa hari a Bahar Maliya, hanyar shiga mashigin, a ƙarshen 2023, manyan kamfanoni suka koma zagaye ta kudancin Afirka, tafiyar da ke ƙara kusan kwana 10.

Ni yadi nake sarowa daga Sin. Kayana ba sa bin Suez kafin su iso Legas, amma da jirage suka daɗe a teku, kwantena ta yi wuya, kuɗin dako ya tashi. Na ga tela ya juya bandir, ya ji farashi, ya ajiye ya tafi, yana ɗora laifin duka a kan dala.

Ina roƙon Hukumar Masu Safarar Kaya ta Najeriya ta riƙa fitar da farashin dakon kwantena duk wata, ku kuma ku buga mana shi da Hausa, domin ɗan kasuwa ya san lokacin da ya dace ya yi oda.

Naku,
Wani ɗan kasuwa,
Kantin Kwari, Kano