Rahoton Ayyukan Shekarar 2025: Tsofaffin Manhajoji da Haƙƙin Masu Su

Assalamu alaikum 'yan'uwa mambobi.

Aikin da ya fi cin lokacin kwamiti a bana shi ne tantance faya-fayan flofi da kaset-kaset da ke hannunmu na tsofaffin kwamfutocin Commodore 64, Apple II da ZX Spectrum. Duk abin da ya karantu mun kwafe shi, amma ba duka muka ɗora a rumbunmu na intanet ba. Mun san wasunku ba su ji daɗin haka ba, don haka ga hujjarmu.

Mutuwar kamfani ba ta kashe haƙƙin mallaka. Commodore ta durƙushe tun 1994, haƙƙoƙinta kuwa suka yi ta sauya hannu. Har yau da lasisin kamfanin Cloanto ake sayen Kickstart, manhajar da ke tada kwamfutar Amiga ta Commodore. A Turai, haka ma a Najeriya, doka tana kare aikin har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa, alhali yawancin waɗanda suka rubuta manhajojin shekarun 1980 suna nan da ransu. Faifan maganaɗisu ba zai jira wannan wa'adi ba, zafi da fumfuna za su riga shi. Shi ya sa muke kwafewa mu adana, rarrabawa kuma sai da izini.

Inda izini ya samu, mun ci moriyarsa. A watan Satumba Microsoft ta saki asalin rubutun BASIC ɗinta, harshen rubuta manhaja da ta yi wa ƙwaƙwalwar kwamfuta mai suna 6502, da lasisin MIT da ke ba kowa damar amfani da shi da rarraba shi. Wannan BASIC ce Commodore ta biya dala 25,000 a kanta a 1977. Da shi muka gudanar da darussan ƙarshen shekara, matasanmu suna bin sa layi-layi, suna ganin yadda aka cusa harshe guda cikin 'yar ƙaramar ma'ajiya. Wannan ne abin da ya fi faranta mana rai. Na Spectrum ba mu sha wahala ba: Amstrad, wadda ta sayi harkar kwamfutar Sinclair, kamfanin da ya ƙera Spectrum, a 1986, ta amince tun 1999 a rarraba manhajar cikin na'urar tare da manhajojin da ke kwaikwayon Spectrum a kwamfutocin zamani, muddin ba a goge sanarwar mallakarta ba.

Sai dai a kula, ganin rubutu a fili ba shi ne mallakarsa ba. Jordan Mechner ya ɗora asalin rubutun wasansa Prince of Persia na Apple II a GitHub, shafin ajiye rubutun manhaja a intanet, a 2012, amma haƙƙin wasan na Ubisoft ne. Mun ajiye shi a rukunin karatu kawai.

Wasiƙun neman izini sun tafi a hankali. Wasu marubutan sun amsa da murna, wasu kuma sun sayar da aikinsu tun da jimawa, su kansu ba su san wanda ke riƙe da shi ba. Za mu ci gaba da bibiya a baɗi, kuma muna buƙatar masu taimakawa da rubutun wasiƙu.

Duk mai tsohon faifai a gida, don Allah kada ya gwada shi a na'ura kafin a duba shi, domin fumfuna tana lalata faifan da na'urar baki ɗaya. A kawo wa kwamiti a zama na gaba.

Wassalam.
Sakataren Ƙungiya